HANYAR ZAMA GWANIN KIƊA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ta gidan Sarkin Kano ran hawan Daushe, ya san abin da kunne ke sha a wurin. Ga kakaki yana kiran sarauta, ga ganguna suna amsa masa, ga mai algaita ya cika kumatu kamar za su fashe, yana ta busa ba ya ko tsayawa ya ja numfashi. In ka juya wajen na kusa da kai ka tambaye shi yadda aka yi mutum ya iya wannan al'amari, amsar da za ka samu ba ta wuce uku. Wani ya ce gado ne. Wani ya ce baiwa ce daga Allah. Wani kuwa ya rage murya ya ce, “Ai akwai abin da aka ba shi ya sha.”

Gado gaskiya ne, baiwa kuma babu mai musunta. Amma akwai wani abu wanda 'yan kallo ba su gani, gama ba a bainar jama'a a ke yinsa ba, watau shekarun da mutumin nan ya yi cikin zaure ko a bayan gari yana koyo, yana kuskure, ana gyara masa. A kan wannan mu ke so mu yi magana yau.

Abin da ya sa maganar ta zama wajibi shi ne, a da ɗan makaɗi ba ya bukatar wani ya shirya masa hanyar koyo, hanyar tana nan cikin gidansu. Yanzu 'ya'yan makaɗa da yawa sun shiga makaranta sun kama waɗansu sana'o'i, waƙoƙin zamani kuma galibi da fiyano da kwamfuta a ke haɗa kiɗansu. Saboda haka saurayin da ke sha'awar kalangu ko goge ko gurmi, ko ma jita da fiyanon, sau da yawa shi kaɗai ya ke fama. Ya tara kuɗi ya saya, ya yi mako biyu yana bugu dare da rana har maƙwabta su kai ƙara, bayan wata uku kuwa sai ka tarad da abin rataye a bango, gizo-gizo ya yi masa saƙa. In ka tambaye shi ya ce ba shi da baiwa. Alhali kuwa galibi hanya ce ya rasa. In aka ci gaba a haka, wata rana za mu wayi gari kayan kiɗanmu suna jibge a gidan ajiye kayan tarihi, babu hannun da ya san yadda a ke sa su magana.

YADDA NA DA SUKA KOYA

Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a fadar Kano. Watau fiye da shekara 500 ke nan ana miƙa wannan sana'a daga baki zuwa baki, babu littafi, babu alƙalami. Abin da ya daɗe haka bai ɓace ba, lalle akwai hikima cikin yadda a ke koyad da shi.

Mu ɗauki gidan masu kalangu, waɗanda tun asali makaɗan mahauta ne kafin kiɗansu ya game gari. Yaron da aka haifa a irin wannan gida, tun yana goye ya ke jin kiɗa. Kafin ya taɓa fata ya riga ya haddace take da yawa da kunne, kamar yadda ya haddace maganar uwarsa. In ya ɗan tasa sai ya riƙa bin manya wurin biki yana ɗaukar kaya, yana kallon hannuwansu. Sa'an nan a ba shi kuntuku, ɗan ƙaramin ganga mai baki ɗaya, wanda aikinsa shi ne riƙe kari ɗaya tak tun daga farkon wasa har ƙarshe, ba ƙari ba ragi. Yaro ya kan daɗe a kan wannan. Sai an ga hannunsa ya zauna, ba ya gaba da 'yan'uwa ba ya baya, kana a matsad da shi ga ɗan karɓi, daga nan kuma in Allah ya yi masa tsawon rai ya rungumi babban kalangu.

A wajen makaɗan fada ma haka abin ya ke. Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙungiyar mahaifinsa ya buɗe ido. Bayan rasuwar uban kuma bai ɗare kan shugabanci ba, ya zauna ƙarƙashin wansa Kurna yana kiɗa yana amshi, sai daga baya ya kafa tasa ƙungiya ta masu kotso. Muryar nan da hikimar nan da mu ke ji cikin faifai, bayan dogon zama a sahun baya suka fito.

In muka duba da kyau za mu ga abu huɗu cikin wannan tsari. Kunne ya kan riga hannu. Ana ba mai koyo ɗan aiki kaɗan daidai ƙarfinsa, ba a ƙara masa sai ya ƙware a kansa. In ya yi kuskure nan take a ke gyara masa, ko da harara ko da gula a ka. Sa'an nan abin kullum ne, babu ranar da kiɗa ke barin gidan. Wanda bai gada ba, ba zai iya sake haihuwar kansa a gidan makaɗa ba, amma yana iya ɗaukar waɗannan abubuwa huɗu ya shirya wa kansa. Abin mamaki kuwa, masanan da suka bincika al'amarin a ƙasashen waje kusan nan suka iso.

ABIN DA AKA GANO A BARLIN

A shekarar 1993 wani shehun malami mutumin Suwidin mai suna Anders Ericsson, tare da abokan aikinsa biyu, suka bayyana wani bincike da suka yi a makarantar koyon kiɗa ta birnin Barlin, a ƙasar Jamus. Ɗaliban da suka bincika masu koyon bayolin ne, watau gogen Turawa mai tsarkiya huɗu. An kasa su kashi uku, kowane kashi mutum 10. Kashi na farko su ne waɗanda malamansu ke ganin za su shahara a duniya, na biyu gwanaye ne amma ba su kai na farko ba, na uku kuwa masu shirin zama malaman kiɗa a makarantu.

Da aka lissafa awowin da kowa ya yi yana horad da kansa shi kaɗai tun daga ƙuruciya har ya cika shekara 18, sai aka ga na farko sun tara wajen awa 7,410, na biyu 5,301, na uku kuwa 3,420. Kafin su cika shekara 20 na farkon sun kai wajen awa 10,000. Daga nan ne wani marubuci, Malcolm Gladwell, ya yayata maganar awa 10,000 cikin wani littafi da ya fitar a 2008, har mutane suka ɗauka doka ce, wai kowa ya cika wannan adadi ya zama gwani.

Ericsson kansa, wanda ya rasu a 2020, bai yarda da wannan fassara ba. Adadin nan matsakaici ne kawai na waɗansu ɗalibai a wata makaranta guda, waɗansunsu sun fi haka, waɗansu ba su kai ba. Ban da haka, wanda ke yin awa ɗaya kullum sai ya shekara 27 kafin ya cika awa 10,000, to, in da doka ce da ta kashe wa mutane da yawa gwiwa a banza. Abin da Ericsson ya nace a kai shi ne irin horon. Akwai bambanci tsakanin mutum ya zauna yana buga abin da ya riga ya iya don jin daɗi, da ya zauna ya tasa wurin da ke ba shi wuya a gaba, da niyyar gyara shi, hankalinsa duka a kai. Na biyun nan yana da gajiyarwa ƙwarai. Don haka manyan ɗaliban nan na Barlin ba su wuce kimanin awa uku da rabi a yini, su kan kuma raba shi zama-zama, kowane zama bai cika wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, har su kan ɗan yi barcin rana don su huta.

Kada kuma a ce mun soke baiwa. A 2014 wata malama mai suna Brooke Macnamara da abokan aikinta suka tattara bincike 88 suka auna, suka ga yawan irin wannan horo kashi 21 cikin 100 ne kawai ya bayyana na bambancin da ke tsakanin makaɗa. Sauran yana tattare da waɗansu abubuwa, kamar halitta, da shekarun da aka fara, da irin malamin da aka samu. Amma mai koyo ba shi da iko a kan halittarsa, ba zai kuma iya komad da shekarunsa baya ba. Horo shi ne abin da ke hannunsa, a kansa ya kamata ya sa ƙarfi.

KUSKURE SHI NE MATATTARAR MAGANA

Wani bincike kuma, wanda a ganinmu ya fi na Barlin amfani ga mai koyo, an yi shi a Jami'ar Teksas ta ƙasar Amurka, aka bayyana shi a 2009. Malam Robert Duke da abokan aikinsa biyu suka tara ɗalibai 17 waɗanda suka yi nisa a kiɗan fiyano, suka ba su wani ɗan guntun kiɗa mai wuya, gaɓa uku kacal, daga cikin kiɗan Shostakovich mutumin Rasha. Aka ce kowa ya koya iyakar lokacin da ya ga dama, gobe a dawo a jarraba.

Da gari ya waye aka jarraba, sai aka ga daɗewa a kan koyon ba ita ta raba su ba, yawan maimaitawa ma haka. Abin da ya raba su shi ne yadda kowa ya yi da kuskurensa. Wanda ya yi ta maimaita abin a karkace jiya, yau ma a karkace ya fito. Ukun da suka zo kan gaba kuwa, da zarar sun yi tuntuɓe sai su tsaya, su gano ainihin wurin da yatsa ya zame da dalilinsa, su rage sauri, su maimaita wurin har ya daidaita, kana su wuce.

Dalilin wannan a fili ya ke. Hannu ba ya rarrabe daidai da kuskure, abin da aka yawaita ba shi, shi ya ke riƙewa. In ka buga wuri sau goma, tara a karkace ɗaya daidai, sa'an nan ka tashi kana murna ka samu, to, karkataccen ka koya sau tara. Ran da ka tsaya gaban jama'a gabanka na faɗuwa, shi ne zai fito. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, kuskuren hannu ma tun ranar da aka gan shi a ke gyara shi.

ABIN DA YA KAMATA MAI KOYO YA RIƘA YI

Na farko, kada ka ɗauki abin kiɗa sai ka san abin da ka zauna gyarawa. “Yau zan yi kiɗa” ba niyya ba ce. Ka ce, yau zan gyara wurin nan da gula ke rigan matsi, ko wurin da yatsana na uku ba ya sauka daidai bisa tsarkiyar goge. Abu guda ya isa zama guda.

Na biyu, yi sannu. Sannu ba ta hana zuwa. Ka rage saurin har ya kai inda ba ka kuskure, ko da kuwa mai wucewa ba zai gane abin da ka ke bugawa ba. In ka yi sau biyar a jere ba tuntuɓe, ƙara sauri kaɗan. In ka zame, koma baya. Turawa suna da wata 'yar na'ura mai ƙas-ƙas kamar agogo don tsare lokaci, wadda wani Bajamushe mai suna Maelzel ya yi wa rajista a 1815, yanzu kuwa ana samun irinta cikin wayar hannu. Wanda ba shi da ita ya sami ƙanensa ya riƙa yi masa tafi, ko ya kifa masa ƙwarya ya riƙa bugawa daidai wa daida. Aikin da kuntuku ke yi ke nan a cikin ƙungiya.

Na uku, yanka abin gunduwa-gunduwa. Mu koma ga mai algaitan nan na Ƙofar Kudu wanda aka ce an ba shi wani abu ya sha. Asirinsa shi ne ya mai da kumatunsa zuga-zugi irin na maƙeri. Ya kan tara iska a baki, sa'ad da kumatu ke tura ta cikin algaita sai ya shaƙi sabuwa ta hanci, saboda haka sautin ba ya yankewa. Wanda ya ce zai koyi wannan a kan algaita kai tsaye, juwa za ta ɗebe shi. Amma ana iya raba shi. Da fari ka guntsi ruwa, ka riƙa fesar da shi siriri da ƙarfin kumatu kana numfashi ta hanci. In wannan ya zauna, sami siririn kara mai rami ka tsoma cikin moɗar ruwa, ka riƙa hurawa, ka lura kada kumfan ya yanke sa'ad da ka ke shaƙar iska. Sai wannan ya zama jiki kana ka koma ga algaita. Kowane abu mai wuya a kiɗa haka a ke yi masa. In ka gyara gunduwa guda kuma, haɗa ta da abin da ke gabanta da na bayanta, gama a mahaɗa a kan fi yin tuntuɓe.

Na huɗu, kullum kaɗan ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya a rarrabe cikin kwanaki ya fi zama a kai bisa wanda aka ɗura a zama ɗaya. A 2002 kuma Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Harbad ta Amurka suka koya wa mutane wani jerin danne-danne da yatsu, suka ga waɗanda suka kwana suka yi barci saurinsu ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100 ba tare da sun sake gwadawa ba, waɗanda suka yini ido biyu kuwa ba su sami irin wannan ƙari ba. Watau ƙwaƙwalwa tana ƙarasa aikin cikin barci. Mai minti 30 kullum ya sami dare bakwai na wannan ƙari a mako, mai awa uku da rabi ran Lahadi kaɗai ya sami dare ɗaya, ko da ya ke lokacin da suka kashe daidai ne. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Na biyar, bari baki ya riga hannu. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kukan yaro dabam, kukar miya dabam, ko da ya ke rubutunsu ɗaya. Wannan hawa da sauka shi kalangu ke kwaikwayo. In ka matse tsarkiyoyinsa a hammata fata ta ɗaure, sauti ya hau, in ka saki ya sauka. Saboda haka wanda bai iya faɗin take da bakinsa daidai ba, hammatarsa ba za ta san inda za ta matsa ba. A ƙasar Indiya masu koyon gangar tabla sai sun iya furta kowane bugu da baki kafin a bar su su taɓa fata. Har ma tunani kaɗai yana da amfani. A 1995 wani likita mai suna Pascual-Leone ya sa waɗansu mutane koyon wani ɗan kiɗan fiyano na yatsu biyar, awa biyu kullum har kwana biyar, waɗansu da hannu, waɗansu kuwa a zuci kawai, aka ga sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa yatsu ya sake fasali a wajen duka biyu. Masu yi da hannu sun fi iyawa, amma na zucin ma ba su tashi a banza ba. To, wanda ke cikin mota ko yana jiran layi, ba shi da hujjar cewa ba shi da lokaci.

Na shida, ji kanka da kunnen baƙo. Laifi tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani. Sa'ad da ka ke bugu hankalinka na kan hannu, abin da ka ke nufi shi ka ke ji. Ɗauki kiɗanka cikin waya sau ɗaya a mako, ka ajiye abin kiɗan, ka saurara. Za ka ji inda ka ke gudu in wuri ya yi sauƙi, da inda ka ke jan ƙafa in ya yi wuya. Kada ka share na da, ajiye su. Ran da zuciya ta ce ba ka ci gaba, kunna na wata uku da suka wuce ka ji.

Na bakwai, kula da jiki da kaya. Gajiya dabam, ciwo dabam. Kanta a yatsa ba kome, amma in wuyan hannu ko kafaɗa ta fara zogi, tsaya, ka duba yadda ka ke riƙo, gama galibi ƙanƙamewa ce ke kawo shi. Abin kiɗa kuma yana da nasa hali. Da damina fata ta kan saki, sai an ɗan shanya ta ko an nuna mata wuta, da hunturu kuwa ta kan ɗaure har ta tsage in ba a lura ba. Izgar goge in ba a goga mata ƙaro ba, ba ta kama tsarkiya. Wanda ke koyo da abin da ba a daidaita ba, kunnensa ya ke ɓatawa.

Ga misalin yadda za a raba minti 40. Minti 5 na daidaita kaya da sassake hannu. Minti 15 na wurin nan mai wuya, tun hankali bai gaji ba. Minti 10 na sabon abu. Minti 10 na ƙarshe kuwa ka buga abin da ka iya tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa, don jin daɗi, don kuma kada na baya ya zube. A zaɓi lokaci guda a tsare shi kullum, wanda ba zai ci karo da salla ko karatu ko barcin maƙwabta ba.

BABU MAI ZAMA GWANI SHI KAƊAI

Duk da abin da muka faɗa, faifai ba ya maye gurbin malami. Gaskiya ne mai koyo na yau ya sami abin da kakanninsa ba su samu ba. Yana iya jin kalangun ƙungiyar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko gurmin Haruna Uji, ko kukumar Ibrahim Na Habu, sau ɗari in ya so, har ya rage saurin faifan ya ji kowane bugu dabam. Wannan ya tsaya masa a matsayin shekarun nan na sauraro da ɗan gado ke samu. Amma faifai ba ya ganin yadda ka riƙe gula, ba ya kuma ce maka ka sake.

Saboda haka ka nemi dattijon makaɗi a garinku, ko da sau ɗaya a wata ne. Ka je da ladabi da ɗan goronka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, “Baba, na zo ne a duba mini hannuna.” Watakila ka buga abin da ka yi wata guda kana shiryawa, ya saurara, ya ce, “Yaro, kafaɗarka ta yi tauri. Sake ta, ka kuma.” Kalma biyar ko shida irin waɗannan sun fi maka wata shida na fama kai kaɗai. In ya ce ka riƙe kuntuku alhali kai babban kalangu ka ke so, ka ce, “To, Baba,” ka riƙe. Matambayi ba ya ɓata.

Ka kuma nemi abokan yi. A ɗaki in ka yi kuskure ka kan tsaya ka gyara, a fage kuwa ba a tsayawa, sai ka san yadda za ka faɗi ka tashi ba tare da 'yan rawa sun lura ba. Wannan ilmi ne dabam, ba a samunsa sai cikin mutane. Fara da 'yan gidanku, sa'an nan abokai, kana dandali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma rashin kuɗi ya zama hujja. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, ɗan abin da bai wuce gwangwani da fata da tsarkiya ɗaya ba. Abin da ya fitar daga cikin tsarkiyan nan guda, mai kayan dubban nairori bai fitar ba. Shata kuwa ba a gidan makaɗa aka haife shi ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

KIRA GA IYAYE DA SHUGABANNI

Muna roƙon iyaye, in yaro ya nuna sha'awar wannan abu, a tsara masa lokaci, a san wurin wanda ya ke zuwa, a kuma tabbata bai bar karatunsa ba. Yaron da ya koyi zama minti 30 kullum a kan abu mai wuya har ya ga ya yi sauƙi, ya sami halin da zai amfane shi a lissafi da ɗinki da noma da kowace irin sana'a.

Muna kuma kira ga sarakunanmu da hukumomin raya al'adu su dubi dattawan makaɗa da mabusa da suka rage a fadoji da ƙauyuka. Ɗaukar kiɗansu a faifai abu ne mai kyau, amma faifai sauti kaɗai ya ke ajiyewa. Yadda a ke riƙo, da yadda a ke ɗaure fata, da abin da a ke fara koya wa yaro da abin da a ke jinkirta masa, duk suna cikin kawunansu ne. In aka ba kowane ɗayansu ɗan abin masarufi, aka haɗa shi da yara uku ko huɗu masu zuwa wurinsa a kai a kai, kuɗin da za a kashe kaɗan ne bisa ga abin da za a tsirar.

Kai kuma mai karatu, in kana da wani abin kiɗa rataye a bango, sauko da shi yau ka kakkaɓe ƙurar. Zaɓi wuri guda da ya gagare ka, ka yi masa minti 15 a hankali, ka ajiye, gobe war haka ka koma. Allah ya ba mu haƙuri da naciya, ya sa albarka cikin sana'ar kowa, amin.